Yadda Ake Zuba Lambar Tagulla Mai Fuska Irin Ta Limaman Cocin Italiya, Daga Kaki Zuwa Ƙarfe

Tambayar ta yawaita, musamman daga ɗaliban zane da sassaƙa da wasu maƙeran fari: waɗannan lambobin tagulla da ake gani a hotuna, masu fuskar Fafaroma ko Kadinal a gefe ɗaya, gini ko wata alama a ɗaya gefen, yaya aka yi su, kuma za a iya yin irinsu da kayan da ke hannunmu? Amsa ita ce za a iya. Yawancin na ƙarni na 15 ba buga su aka yi ba yadda ake buga kwabo, zuba su aka yi. Mai sana'a ya gina hoton da kaki, ya kwafe shi ya zama samfuri mai ƙarfi, ya danna shi a mazubi mai laushin gari, ya kwarara narkakkiyar tagulla a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyom a Kano ko Maraɗi ya riga ya ga rabin aikin. Ragowar rabin shi ne laushin yashi, zafin wuta, da haƙurin da ake yi a kan kaki.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan: tagulla kwafa kawai take yi. Abin da ka bari a kaki, mai kyau ko mummuna, shi za ta dawo maka da shi.

Kayan aiki da abin da za su ci

Don lamba mai faɗin santimita 6 da kaurin da bai wuce milimita 4 ba a matsakaici, ƙarfen da zai zauna a jikinta kusan giram 100 ne. Amma kada ka narka ƙasa da giram 300, domin hanyar zubi ma tana cin nata, kuma nauyin ƙarfen da ke sama shi ke tura na ƙasa cikin lungunan haruffa.

Za ka nemi kakin zuma kamar giram 150 da kyandir fari guda biyu, gilashi mai kauri ko allon dutse guda biyu, kamfas na lissafi, garin POP kilo ɗaya, gam mai haɗi biyu irin Araldite, yashi mai laushi da yumɓu, firam biyu na katako ko ƙarfe masu hawa kan juna, hodar jarirai, gawayi mai nauyi buhu ɗaya, zugazugi ko injin hura iska, awartaki mai dogon hannu, zarto, magagari, burushin waya mai laushi, sai kaskon narki na girafait, wato baƙin abin nan na cikin fensir mai jure wuta, mai ɗaukar kilo ɗaya ko biyu.

Kuɗin ya fi tafiya wuri uku: kaskon narki, jan ƙarfe, da kayan kare jiki, wato safar hannu ta fata, takalmi rufaffe na fata da gilashin rufe fuska. Jan ƙarfe da kilo ake sayar da shi wajen 'yan gwangwan kuma farashinsa na bin dala, saboda haka ka yi lissafinka da nauyi, ka tanadi rabin kilo zuwa kilo ɗaya don zubin farko ba kasafai yake fita ba. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce ya yi kaki da samfuri da mazubi da kansa, sannan ya biya maƙerin da ke zubin tagulla ladan wuta da kasko. Sai dai ka tabbata kaskon da zai ba ka ba a taɓa narka alminiyom a cikinsa ba, don ɗan kaɗan ɗinsa yana ɓata tagulla.

1. Zaɓi lambar da za ka koya a kanta

Kada ka fara da fuskar da ka ƙirƙira. Ka ɗauki tsohuwar lamba ɗaya ka kwaikwaye ta, domin a cikinta an riga an warware maka matsalar tsayi da tazara. Gidajen tarihi irin su British Museum a Landan da National Gallery of Art a Washinton suna da hotunan lambobinsu a intanet, gaba da baya, tare da awon faɗinsu.

Wadda na fi ba mai farawa shawara ita ce ta Fafaroma Julius na Biyu da maƙerin zinariya Caradosso ya yi a 1506, shekarar da aka aza tubalin sabuwar Majami'ar Waliyyi Bitrus a Roma. Faɗinta bai kai santimita 6 ba, fuskar a fili take, babu gashi mai wahala, bayanta kuma ginin ne kamar yadda mai tsara gine-gine Bramante ya tsara shi. Wanda yake son fuska mai tsufa da ƙasusuwa ya duba ta shahararren mai sassaƙa Michelangelo da Leone Leoni ya yi wajen 1561. Ita ma girmanta kusan haka ne, kuma samfurinta na kaki yana nan a British Museum, abin da zai nuna maka yadda kakin yake kafin ya zama ƙarfe.

Ka guji ƙanana a karon farko. Lambar Kadinal Ludovico Trevisan da Cristoforo di Geremia ya yi wa ubangidansa kusan santimita 4 ce kacal, bayanta cike da jerin gwanon sojoji, kuma yashin gida ba zai ɗauki wannan ƙanƙantar ba sai hannunka ya faɗa. Ka guji manya kuma, irin ta Sarkin Rumawa John na Takwas da mai zane Pisanello ya yi a 1438 zuwa 1439, mai faɗin kusan santimita 10. Faifai mai faɗi haka ƙarfe yakan daskare kafin ya cika shi.

Wanda ba ya son siffanta mai rai, matakan nan duka za su yi masa aiki da gini da rubutu kaɗai, kamar yadda bayan wasu lambobin yake.

2. Shata da'ira

Zana da'irori uku a takarda da kamfas: ta waje ita ce bakin lamba, biyun ciki su ne layin da haruffa za su tsaya tsakaninsu, tazarar milimita 5 zuwa 6. Ƙara milimita ɗaya a kan faɗin da kake so, domin tagulla tana tsukewa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari idan ta huce. Zana gefen fuskar a tsakiya, ka manna takardar a ƙarƙashin gilashi. Yanzu kana ganin zanenka ta cikin gilashin, kuma gilashin shi ne filin lambar.

3. Gina fuskar da kaki

A nan rabin lokacinka zai tafi, kuma ya cancanta.

Narka kakin zuma kashi uku da kyandir kashi ɗaya a gwangwani da ka ɗora cikin tukunyar ruwan zafi. Kada ka ɗora gwangwanin kai tsaye a kan wuta, kaki yana kamawa da wuta kamar mai. Jefa guntun kala na yara, ja ko ruwan ƙasa, domin farin kaki yana ɓoye inuwa, ba za ka ga abin da kake yi ba. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, amma yana yin laushi tun kafin nan, don haka a watannin Maris zuwa Mayu ka yi aiki da sassafe, ka ƙara kyandir kaɗan, in ya fara bin yatsa ka ajiye gilashin a kan randa ya huce.

Kayan sassaƙa da kanka za ka yi su: ƙarfen wilin keke da aka daddaƙe bakinsa ya yi faɗi, allura da aka soke a guntun itace, tsinken ƙashi ko na katako mai santsi. Guda huɗu sun isa.

Fara da shimfiɗa siririn kaki a cikin zanen, kaurin milimita ɗaya, ka yanke bakinsa tsaf. Layin nan na goshi, hanci, leɓe da haɓa shi ne kamannin mutum. In ya kuskure, duk ƙawar da za ka yi daga baya ba za ta dawo da shi ba, don haka kada ka wuce sai ka gamsu. Daga nan ka riƙa ɗora ƙananan ƙwallayen kaki kana lailayewa. Wuri mafi tudu shi ne kunne da ƙashin kunci da kafaɗa, milimita 2 zuwa 3 daga gilashi. Hanci ƙasa yake, kusa da fili. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi shi ne ya ɗaga hanci don yana ganin shi ne ya fi fitowa a fuskar mutum, sai fuskar ta karkace ta zama kamar an danne ta. A hoton gefe, abin da ya fi kusa da mai kallo shi ke tashi, hanci kuwa can nesa yake.

Ka yi aiki da fitila ɗaya a gefe, haskenta na kwance a kan kakin. Bayan kowane ɗan lokaci ka mayar da ita ɗaya gefen. Ramin da ya ɓuya a hasken hagu zai tona kansa a na dama.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: kada a sami wani wuri da kaki ya yi rumfa, wato samansa ya fi gindinsa faɗi. Bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, bakin hula da wuyan riga su ne wuraren da hakan ke faruwa. Kowane gefe ya gangaro zuwa fili da ɗan kwanciya. In ka bar rumfa, yashi zai maƙale a ƙarƙashinta ya ɓalle lokacin cire samfuri. Ka duƙa ka duba kakin daga gefe, idonka daidai da gilashi, ka zagaya shi gaba ɗaya.

Tufafi su ke faɗin muƙami, don haka ka lura da su. Fafaroma yakan fito da kai a buɗe da alkyabba mai aiki da babban maɓalli a ƙirji, ko da doguwar hular sarauta mai hawa uku. Kadinal yakan fito da 'yar hula da gajeriyar riga mai rufe kafaɗa. Aikin jikin alkyabba ka bar shi ƙarshe, ka yi shi da ɗan zurfi fiye da yadda idonka ke so, saboda kowane kwafi yana cinye kaɗan daga kaifinsa.

4. Haruffa

Mutane suna gama fuska su ɗauka sun gama, su yi rubutu a gurguje. Nan ake gane gwani. Ka je ka dubi aikin wanda ake kira Lysippus Ƙarami, da ya yi wa ma'aikatan fadar Fafaroma Sixtus na Huɗu lambobi a shekarun 1470. Masana suna yabon haruffansa kamar yadda suke yabon fuskokinsa, don tazarar da ke tsakaninsu da yadda suka kewaye kai ba tare da sun matse shi ba.

Ƙirga haruffan duka, ka haɗa da ɗigon da ke raba kalmomi, ka raba kewayen a takarda kafin ka taɓa kaki. Na Julius na Biyu rubutunsa IVLIVS LIGVR PAPA SECVNDVS MCCCCCVI ne. Za ka ga V a madadin U, haka suke rubutawa. M tana cin wuri, I ba ta ci, don haka kada ka ba su fili ɗaya. In wuri ya ƙure, ka taƙaita kalma kamar yadda suke yi: PONT MAX (Fafaroma), CAR (Kadinal), EPS (Bishop).

Hanya biyu ce. Ta farko, ka murza kaki ya zama siriri kamar zare, ka ɗora kowane harfi a kan gilashi ka danne gefensa. A nan rubutun daidai ake yin sa, yadda za a karanta. Ta biyu, wadda ta fi fitar da kaifi, ka bar wurin rubutu fayau, sai ka sassaƙa haruffan cikin mazubin POP a mataki na 6. Amma a can dole a juye za ka rubuta, daga dama zuwa hagu, kowane harfi a birkice. Ka ajiye madubi kusa da kai kana dubawa. N da S su ne suka fi yaudara, har a tsofaffin lambobi akan ga N da ta juya baya.

Tsayin harfi daga fili kada ya gaza rabin milimita, kuma gindinsa ya fi samansa faɗi.

5. Bayan lamba

A gilashi na biyu za ka gina shi, da da'ira mai faɗi ɗaya da ta farko. Abin da mai lamba ya gina ko ya tsaya a kai shi ake sawa. Fafaroma Paul na Biyu ya sa fadarsa ta Roma, wadda yanzu ake kira Palazzo Venezia, da rubutun HAS AEDES CONDIDIT da shekarar 1465, aka kuma binne irin waɗannan lambobi cikin tukwanen ƙasa a harsashin ginin.

Ka sa bayan ya fi gaban kwanciya. In tudu mai kauri na baya ya faɗo daidai da kuncin da ke gaba, wurin zai yi kauri fiye da kewayensa, ya makara wajen daskarewa, ya lotsa. Lotsawar kuma a kan kunci take fitowa.

6. Mayar da kaki samfuri mai ƙarfi

Kaki ba zai jure dannar yashi ba, sai an kwafe shi. Kewaye kowane gilashi da katangar kwali, ka shafa wa kakin ruwan sabulu kaɗan da burushi mai laushi. Dama POP, gari giram 100 a ruwa giram 70, garin ake zubawa cikin ruwa. Shafa zubin farko da burushi ya shiga kowane lungu, sannan ka juye sauran, ka bubbuga teburin kumfa ya taso. Bayan minti talatin zuwa arba'in ka ɗaga. Yanzu kana da mazubi biyu masu rami. Duk ƙwayar kumfa da ka gani ka cike ta yanzu, in kuma haruffa za ka sassaƙa, lokacinsu ke nan.

Bar su su bushe kwana biyu, ka shafe su da man bazilin siriri, ka zuba gam mai haɗi biyu ko POP mai kauri a kowanne. In sun ƙame ka fitar da faifai biyu, ka goge bayansu a kan takardar yashi da aka shimfiɗa a gilashi har kaurin filin biyun a haɗe ya zama milimita 3. Ƙasa da haka ƙarfe ba zai gudana ba. Manna su baya da baya, saman fuska daidai da saman gini, yadda in ka juya lambar daga dama zuwa hagu bayan zai fito a tsaye. Goge bakin kewaye ya ɗan kwanta ta ɓangarorin biyu daga tsakiya. In samfurin na POP ne, ka shafa masa fenti mai sheƙi siriri sau biyu don kada ya sha danshi.

Masu aikin Italiya sukan zuba gwajin farko da dalma, shi ya sa ake samun tsofaffin lambobi na dalma masu kaifi sosai. Kai ka bar dalma, gubarta ba ta fita daga jiki da sauƙi.

7. Yashi da mazubi

Yashin masu tukwane ya yi wa wannan aiki kaushi. Kana bukatar iri biyu. Na cikawa, wato irin nasu da aka tankaɗe da rariya. Da na fuska, wanda zai taɓa samfurin: yashi mai laushi ko garin jan bulo da aka daka aka tace ta yadin gyale mai shara-shara, a haɗa kashi tara da kashi ɗaya na busasshen garin yumɓu. Mutanen ƙarni na 15 da na 16 da toka da garin ƙashi da garin dutse mai laushi suke yi, manufar ɗaya ce, a sami garin da zai ɗauki ko zanen yatsa. In ka sami yashin zubi mai mai da maƙeran zinariya ke saye, ya fi komai sauƙi ga mai koyo.

Yayyafa ruwa kaɗan kaɗan kana murzawa, ka rufe shi ya kwana. Gwajinsa kamar na dambu ne: ka dunƙula a hannu ya riƙe siffar yatsunka, ka karya shi ya rabu biyu tsaf, tafin hannunka kuma bai jiƙe ba. In ya manne maka, ruwa ya yi yawa.

Firam biyun su kasance da ƙusoshi biyu da ramukansu don su riƙa komawa wuri ɗaya, da kuma ɓaraka a gefe ɗaya inda ƙarfe zai shiga, domin a tsaye za ka zuba. Cika na ƙasa da yashin cikawa, ka daddaka, ka rufe samansa da yashin fuska, ka share ya yi daidai da bakin firam. Barbaɗa hoda a samfurin, ka danna shi har rabin kaurinsa ya nutse, ka lallaɓa yashin da ke kewaye ya kama bakinsa. Barbaɗa hoda a kan komai ta cikin ƙyalle, ka hure rarar. In hoda ta taru a cikin haruffa za ta cike su. Ɗora firam na sama, tankaɗa yashin fuska har samfurin ya ɓace, danna da yatsu, sannan ka cika ka daddaka da ƙarfi.

Raba firam biyun a miƙe, ba tare da murɗawa ba. Ƙwanƙwasa samfurin kaɗan da bayan cokali, ka kifa firam ɗin ya faɗo a tafin hannunka. Kada ka zaƙulo shi da wuƙa. Duba ramin da kyau. In harfi ɗaya ya ɓalle, ka rushe ka sake, minti goma ne, ya fi asarar wuta da gawayi.

Yanzu ka fafe hanyar zubi daga ɓarakar zuwa bakin lambar, tsawon santimita 5 zuwa 6, faɗin santimita ɗaya, bakinta na sama a buɗe kamar mazurari. Ka shigar da ita ta ƙarƙashin kafaɗa, inda babu rubutu, wato lambar za ta tsaya kai a ƙasa. Ja siraran layuka uku ko huɗu da allura daga gefen lambar su hau sama zuwa bakin firam, ta nan iska za ta fita. Lailaye hanyar da yatsa, ka hure duk ƙwayar yashi da ta saki.

8. Busarwa da hayaƙi

Jingina ɓangarorin biyu kusa da garwashi har fuskarsu ta bushe ta yi ɗumi. Sannan ka bi su da harshen kyandir ko aci-balbal su yi baƙi da kunkunniya siririya. Wannan yana sa ƙarfe ya kwanta lafiya kuma fatar lambar ta yi santsi. Haɗa su, ka sa katako gaba da baya, ka ɗaure tam da matsi ko waya, ka tsayar da mazubin cikin kwanon busasshen yashi.

Danshi shi ne babban haɗarin wannan sana'a. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubi ko a jikin awartaki yana iya watso narkakken ƙarfe a fuskarka.

9. Narkawa da zubawa

Tagulla ta asali jan ƙarfe ne kashi 90 da kuza kashi 10, wato giram 450 da giram 50 a rabin kilo. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, kuza a 232, haɗinsu kuma yana narkewa ƙasa da jan ƙarfe zalla, ana zuba shi a wajen 1100 zuwa 1150. In kuza ta yi wuyar samu, ka nemi tsofaffin bushin na injina, wato zoben da sandar inji ke juyawa a ciki, yawancinsu tagulla ce da aka riga aka haɗa. Kan famfo da makullai gaci ne mai tutiya. Yana zubuwa, amma tutiya tana tafasa a digiri 907 ta tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma launinsa rawaya ne. Wayar lantarki kuma ka saya wajen wanda ka san halinsa, ka feɗe robarta da wuƙa, kada ka ƙona.

A fili za ka yi, a kan ƙasa busasshiya. Kada ka yi a kan siminti, yana fashewa in ƙarfe ya zuba masa. Kayan auduga za ka sa, ban da yadin roba, ban da silifa, ban da yara a kusa. Kada ka narka a gwangwani ko guntun bututun ƙarfe, narkakken jan ƙarfe yana cin baƙin ƙarfe ya huda shi.

Gasa kaskon a hankali ya yi ja kafin ka sa komai. Zuba jan ƙarfe, ka rufe samansa da gutsattsarin gawayi don iska kada ta ci shi, ka kewaye kaskon da gawayi har wuya, a yi ta zuga. In ya narke sarai, ka ɗumama kuzar a bakin wuta, ka jefa, ka motsa da sandar girafait. Barbaɗa boraks, wato farin garin da maƙeran fari ke tsabtace narkakken ƙarfe da shi, ɗan tsunkule, ka kwashe dattin da ya taso da ƙarfe mai zafi. Lokacin zubi ya yi idan launin ya tashi daga ja zuwa ruwan lemo mai haske, saman yana sheƙi yana juyawa, kuma in ka girgiza kaskon ƙarfen yana rawa ba nauyi. Kada ka bar shi a wuta bayan haka da sunan ƙarin tabbaci, yana shan iska ne, iskar kuma za ta fito maka a matsayin ƙuraje.

Daga wuta zuwa mazubi taku biyu ya isa, ka share hanyar tun da wuri. Zuba a jere, da sauri amma ba da watsi ba, har bakin ya cika ya tsaya. In ka tsaya a tsakiya ka ci gaba, layi zai ratsa fuskar. Rarar ka juye a ramin busasshen yashi da ka tanada.

10. Buɗewa da karanta kuskure

Jira minti ashirin, ka kwance, ka ciro da awartaki, ka bar ta ta huce da kanta. Kowane aibi yana faɗa maka inda ya fito. Gefen da bai cika ba ko haruffa masu dunƙulallen baki: ƙarfe bai yi zafi ba, ko filin ya yi siriri, ko iska ba ta sami mafita ba. Ƙananan ramuka birjik: danshi, ko ƙarfe ya daɗe a wuta. Fata mai kaushi: yashin fuska bai yi laushi ba ko zafi ya yi yawa. Fiffike a kewaye: ɗauri bai yi ƙarfi ba. Gaba da baya sun goce wa juna: ƙusoshin firam suna da wasa. Rami mai yashi a ciki: ba ka hure hanyar zubi ba. Wadda ta lalace ka goge ta ka mayar kasko, ka haɗa da sabon ƙarfe kaɗan.

11. Gyara da launi

Yanke hanyar zubi da zarto, ka bi bakin da magagari. Jiƙa lambar cikin ruwan tsamiya ko na lemon tsami na awa ɗaya, ka goge da burushin waya mai laushi, ka ɗauraye sosai. Kada ka sa gishiri a ruwan, yana haifar da koren tsatsa mai ci gaba da cin ƙarfe shekara da shekaru.

Injin goge ƙarfe kuwa ka nisanta shi da ita. A minti ɗaya zai shafe girar da ka kwana uku kana ginawa. Lambobin da masana suka fi daraja su ne waɗanda suka fito daga mazubi da kyau har ba a bukaci taɓa su sosai ba. Ka cire ƙurajen da suka taso da bakin ƙaramin kurfi, ka kankare filin kaɗan in ya yi kaushi, shi ke nan. In rataye ta za a yi, ka huda ƙaramin rami a saman kai, tsakanin haruffa biyu.

Don launin ruwan ƙasa mai duhu, wanke ta da sabulu, kada ka sake taɓa ta da yatsa, ka rufe ta a roba tare da dafaffen ƙwai da aka farfasa da zafinsa, ba tare da sun haɗu ba. Ka riƙa dubawa kana juya ta har launin ya kai yadda kake so. Goge tuddan da ƙyalle su yi haske, lungunan su zauna da duhu, fuskar za ta fito. Ɗumama ta kaɗan, shafa kakin zuma siriri, in ya huce ka murza da tsumma mai laushi.

12. Sa sunanka

Pisanello yakan rubuta OPVS PISANI PICTORIS a bayan lambarsa, Leoni kuma ya sa LEO a yankin kafaɗar Michelangelo. Kai ma ka buga sunanka da shekara a bakin kewaye, musamman in tsohuwar lamba ka kwaikwaya. Kwafe-kwafen waɗannan lambobi sun cika kasuwar kayan tarihi, masu saye kuma da awo suke kama su, tunda duk wadda aka zuba daga jikin wata takan gaza ta da kusan milimita ɗaya a faɗin santimita 6, haruffanta kuma sun fi dushewa. Taka in ta bar hannunka ba ka san inda za ta kai ba, sunan da shekarar su za su hana wani ya sayar da ita a matsayin ta 1506. Samfurin gam da mazuban POP kuma ka nannaɗe su a ƙyalle ka adana, duk zubin da za ka sake daga jikinsu za ka yi, ba daga tagullar ba.